Layi Takwas da Kundi Bai Ɗauka Ba

Karo na uku ke nan Jan Biro tana danna maɓallin, karo na uku kuma gwaje-gwajen suna zubowa a fuskar kwamfutarta ɗaya bayan ɗaya, kore shar, ɗari biyu da goma sha huɗu, ko ɗaya bai yi ja ba. Ta jingina da kujera ta harɗe hannuwa a ƙirji. Ta cikin gilashin ofishinsa ana hango Manaja tsaye da waya a kunne, yana ta "ranka ya daɗe, ranka ya daɗe," har da russunawa, sai ka ce wanda yake maganar da shi yana ganinsa.

"To ni me zan ce?" ta faɗa, ba da kowa take ba. "Nawa dai ga shi nan lafiya lau."

Kamfanin nasu ƙarami ne, mutum tara da injin shayi ɗaya. Su suka gina manhajar wani babban ɗakin gwajin jini, shekara uku tana aiki ba a taɓa jin kansu ba. Bana aka ƙulla da wani asibiti: maimakon majinyaci ya tsallaka gari ya karɓo sakamakonsa a takarda, kwamfutar asibitin za ta tambayi ta ɗakin gwajin kai tsaye. Wurin da manhajojin biyu ke haɗuwa su yi magana, wanda littattafai ke kira API, su a ofis ƙofa suke ce masa. Aikin Jan Biro shi ne ta ƙwanƙwasa ƙofar nan ta kowace fuska kafin wani na waje ya ƙwanƙwasa. Shekara shida tana yi. Sunan ma ba a banza aka laƙaba mata shi ba, don in ta kama maka kuskure sai ta zagaye shi da ja ta manna a allon ofis, kowa ya gani.

Yau da ƙarfe bakwai na safe asibitin ya fara amfani da ƙofar. Kafin tara layin majinyata ya kai bakin matakala, sakamako ya ƙi zuwa.

Manaja ya fito yana goge wuya da hankici.

"Shugaban asibiti ne," in ji shi. "Kafin ƙarfe huɗu yana son abu biyu. A gyara, sannan a rubuta masa sunan wanda ya jawo. Ya ce hannun mutumin ba zai sake taɓa aikinsa ba. Mu kuma kun sani ba mu da wani aikin da za mu ba mutum in ba wannan ba. Kun dai gane."

Kowa ya gane. Masu rubuta manhaja su uku suka sunkuyar da kai kan allonsu. Ita kuwa Jan Biro idonta ya tafi can kusurwa, kusa da taga, inda Baƙo yake zaune.

Watansa uku a kamfanin, ranar Juma'a wa'adin gwajinsa zai cika a tabbatar da shi, amma har yanzu Baƙo ake ce masa. Siriri ne, ba ya hira, ba ya shan shayin ofis, da nasa yake zuwa a ɗan fulas. In wayarsa ta yi ƙara sai ya fita matakala ya amsa. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne inda ya fito: kamfanin da suka yi takarar aikin asibitin nan da shi, ya faɗi. Mutum ya bar waɗanda suka faɗi ya dawo wurin waɗanda suka ci, wata uku kacal kafin a buɗe ƙofa? Tun ranar farko abin bai kwanta mata ba.

Kuma kundin da aka aika wa asibiti ta hannunsa ya bi. Mutanen asibiti ba irin manhajar gwajinta suke amfani da ita ba, tasu daban ce, ba ta karanta fayil ɗinta. Don haka sai an juye komai zuwa kundin ƙa'ida, wato takardar nan mai tsari guda wadda kowace manhajar gwaji ke iya karantawa, mai bayanin inda ƙofa take, me za ka miƙa mata, me za ta miƙo maka. Ita ta danna "fitar" a manhajarta ta ba shi fayil, shi ya gyaggyara ya ƙara bayani ya aika asibiti. Su kuma a kan kundin suka gina nasu ɓangaren.

Ba ta manta da abin da ya faɗa a taron farko da ya halarta ba, a gaban kowa, da muryarsa ta sanyi: wai kamata ya yi kundi ya zama uwa, gwaji ya bi bayansa, don abin da ba ya cikin kundi kamar babu shi ne. Gwaje-gwajenta na shekara shida ake cewa kamar babu su! Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Ta miƙe ta bi Manaja cikin ofishinsa, ta turo ƙofar.

"Ranka ya daɗe, ni ba zan kama sunan kowa ba," in ji ta. "Amma gwajina kore ne, ka gani da idonka. Ƙofa lafiyarta ƙalau. Abu ɗaya ne ya fita daga gidan nan ya tafi asibiti."

"Kundi," in ji Manaja.

"Ni dai ban ce komai ba."

Ai ta ce, kuma ta san ta ce. Manaja ya leƙa ta gilashi ya daɗe yana kallon kusurwar taga.

"Ki tafi asibitin ki gano min da idonki," ya ce. "Duk abin da kika gani ki sanar da ni nan take, kada ki jira sai kin dawo."

Tana sa kwamfuta a jaka sai ga Baƙo tsaye a kanta. Ko takunsa ba ta ji ba, wannan ma wani abin haushi ne.

"Anti, ko in raka ki? Ko kuma ki bar min manhajar gwajinki a buɗe in duba. Ina tunanin ko akwai wani abin da..."

"Akwai me?"

"Ban sani ba tukuna. Shi ya sa nake son in duba."

"Ka duba naka," ta ce, ta ja zif ɗin jakar. "Nawa ba ya ciwo."

A cikin tasi yayarta ta kira, wadda take riƙe mata 'yarta Auta in ta tafi aiki, tana tambayar inda aka ajiye maganin tarin yarinyar. Daga jin muryarta ta san da magana.

"Wa ya taɓa min ke da safen nan?"

Jan Biro ta ba ta labari a gurguje, ta rage murya saboda direba.

"Wannan sabon yaron naku? Mai fulas?" Yaya ta yi tsaki. "Ke ma dai! Mutumin da ba ya shan shayin mutane ai da abin da yake ɓoyewa. Ki buɗe ido, kada a shafa miki kashin kaji ki zo kina min kuka a ɗaki."

Ta yi dariyar yaƙe. Gaskiyar magana tsoro take ji. Ba ta iya wani aiki ba sai wannan, kuma tana sonsa, tana son yadda ake yin shiru in ta buɗe baki a taro.

Asibitin ya cika maƙil. Benci uku na baranda duk mutane, wasu a tsaye sun jingina da bango, kowa da katinsa a hannu. Jiya aka ɗebi jininsu, yau suka zo ganin likita, likita kuma ba zai gan su ba sai da sakamako. Wata mata na jijjiga yaro mai zazzaɓi a kafaɗa. Wani mutum da rigar aiki yana ta kallon agogo yana ƙwafa.

A bayan kantar rajista akwai wata mata mai jiki, tabarau rataye da zare a wuyanta. Ta dubi katin aikin da ke ƙirjin Jan Biro sama da ƙasa.

"Au, ke ce ta kamfanin? Sannu da zuwa. Ashe ana ganinku da ido, na ɗauka aljanu ne."

"Ki yi haƙuri, Baba. Gyarawa na zo yi."

"Haƙuri ai su za ki ba," ta nuna benci da haɓa. "Ni tun safe zagi nake sha kamar ni na ƙera abin. Shiga nan, injiniyanmu na ciki yana jiranki da takardunsa."

Injiniyan asibitin yana wani ɗan ɗaki mai sanyi bayan kanta. Bai miƙe ba, bai kuma ba ta kujera ba sai da ta ja da kanta. Ya buga kundin a takarda, shafi arba'in, ya jera a tebur, ya sa wayarsa a gefe.

"Zan naɗi maganarmu, in ba damuwa," ya ce. "Kada gobe a ce mu ne."

"Naɗa mana. Ni ma zan rubuta."

Suka kalli juna. Ya juyo mata da allonsa kaɗan, amma hannunsa na kan madannai, ba shi da niyyar ta taɓa.

"Abin da kuka rubuta shi muka bi, layi da layi. Mun shigar da kundinku a manhajar gwajinmu, mun gwada da misalin da kuka bayar, ya wuce sumul. Sau ashirin muka gwada. Yau an sa mutanen gaske, ƙofarku ta ce ba ta san su ba. Wasu ta ce babu su, wasu ta ce bayanin da muka aiko ba daidai ba ne."

"Wataƙila kundin da aka aiko muku ba shi ne..." Ta bar maganar a nan.

"Wanda ya aiko mana ba ya irin wannan kuskuren," in ji injiniyan. "Na san aikinsa. Shekara biyu muna tebur ɗaya da shi a wani wuri."

Wani irin daɗi ya kama ta, daɗin wanda zarginsa ya tabbata. Tebur ɗaya! Kuma wata uku yana zaune a kusurwar taga bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce tana zuwa, ta fita baranda, ta rubuta wa Manaja saƙo: "Ashe sun san juna da injiniyan nan. Shekara biyu suka yi aiki tare. Bai taɓa gaya mana ba." Ta tura. Ƙarfe goma sha biyu da minti goma.

Tana tsaye tana jiran amsa sai mai rajista ta ƙwala kira: "Baba mai sanda! Taso, naka ya fito!" Wani tsoho ya miƙe daga ƙarshen benci yana dogarawa, mutanen da suka riga shi zuwa suka bi shi da harara.

"Kin gani ko?" matar ta ce wa Jan Biro. "Na'urar taku tsofaffi kawai take so. Tun safe duk wanda ya wuce, in ba mutum biyu ba, sai ka gan shi da furfura. Na ce ko dai girmama manya kuka koya mata?"

Jan Biro ta matso kantar. "Akwai waɗanda suka wuce?"

"Goma sha ɗaya da wannan, cikin ɗari da wani abu."

"Don Allah Baba, ba ni katunansu in gani."

Matar ta zaro su daga ƙarƙashin wani faranti ta baje a kanta. Jan Biro ta bi su da yatsa. Suna daban-daban, unguwa daban-daban, gwaji daban-daban. Sai ta kai ga ranar haihuwa. Ɗaya ga Janairu. Ɗaya ga Janairu. Ɗaya ga Janairu. Tara daga ciki duk rana ɗaya.

"Ya aka yi duk suka zo duniya rana guda?"

Mai rajista ta ƙyalƙyale da dariya. "Ke yarinya ce. Tsohon da za ki tambaya ranar haihuwarsa ya ce miki shekarar da aka yi ambaliya, me za ki rubuta? Ɗaya ga wata ɗaya muke sa musu, mu ƙiyasta shekara."

Sauran biyun, ɗaya biyar ga Mayu, ɗaya goma ga Oktoba. Biyar da biyar. Goma da goma. Duk wanda ya wuce, lambar ranarsa da ta watansa iri ɗaya ce, ko ka juya su ba abin da zai canja. Misalin da ke cikin kundi kuwa, wanda injiniya ya gwada sau ashirin, ita ta rubuta shi da hannunta tun fil azal: ɗaya ga Janairu.

Ta ari katin matar nan mai yaro a kafaɗa, ashirin da biyar ga Maris. Ta samu gefen benci kusa da ɗakin allura ta zauna, ta buɗe kwamfuta a cinya. Ta rubuta ranar yadda kundi ya ce, shekara, wata, rana. Ta danna. Kore, ga sakamakon matar ya fito tsaf. Wannan ranar dai, a rubuce haka dai, ita ce ƙofa ta ƙi karɓa daga asibiti da safe.

A nan ne ta yi abin da ta shekara uku ba ta yi ba, don mai ganin kore ba ya tona ƙasa. Ta buɗe ƙaramar tagar da ke nuna saƙon da ya fita da gaske, ba wanda ta rubuta ba. Ta rubuta wata uku, rana ashirin da biyar. Abin da ya fita: rana ashirin da biyar a gaba, wata uku a baya. Wani abu a cikin manhajarta yana juya su a hanya.

Wa ya taɓa mata kwamfuta? Tunanin da ya fara zuwa mata ke nan, wallahi, har ta fara lissafin ranar da ta bar ta a buɗe ta fita salla. Ta shiga shafin umarnin da manhaja ke bi kafin ta aika saƙo, shafin da ke can ƙarƙashin babban fayil, wanda ba a buɗewa sai da dalili. Layi takwas ne. A samansu akwai ɗan bayani, da sunanta, da kwanan wata:

"Na wucin gadi. Ƙofa tana karanta rana kafin wata. Na juya a nan don gwaji ya wuce. Zan gaya wa Dogo gobe ya gyara."

Ta karanta sau biyu. Hayaniyar baranda ta yi mata nisa.

Ta tuna ranar sarai. Tana da tsohon cikin Auta, ƙafafunta sun kumbura ta cire takalmi a ƙarƙashin tebur, ana jiran rahotonta ƙarfe biyar, Dogo mai rubuta manhaja ya riga ya tashi. Ta ce bari ta toshe ramin na yau ɗaya. Goben ba ta zo ofis ba, a ɗakin haihuwa ta yi ta. Da ta dawo bayan wata uku Dogo ya samu aiki a wata ƙasa ya tafi, gwaje-gwaje kuma kore shar. Manhajar kantocin ɗakin gwajin jini ma shi ya rubuta ta, da irin juyin da ya yi wa ƙofa, don haka su biyu suna fahimtar juna a karkace, ba wanda ya taɓa jin ƙorafi. Sai yau da baƙo na gaske ya ƙwanƙwasa yadda kundi ya ce.

Kundi kuwa ba ya ɗaukar irin waɗannan layukan. In ka danna "fitar," adireshi yana tafiya, sunayen bayanai suna tafiya, misalai suna tafiya, amma umarnin da ka rubuta wa manhajarka ita kaɗai a nan yake zama. Kowane mai gwaji ya san haka, ita ma ta sani. Baƙo ya tambaye ta makon jiya ko akwai wani abu a gwajinta da ba zai fita ba, ta ce masa babu, ko ɗago kai ba ta yi ba. Abin da ta ba shi ya aika, bayani kawai ya ƙara, tsarin ranar bai canja ko ɗigo ba. Kuma a takardar da ta ce ƙofa ta dace da kundi, sa hannun da ke ƙasa nata ne.

Kunya ta rufe ta, irin wadda ke sa mutum gumi a wuri mai sanyi. Ta rufe kwamfutar da sauri, ta waiga dama da hagu ko wani ya gani. Ba kowa sai wani yaro da ke kuka an yi masa allura.

Ta kira babban mai rubuta manhaja na ofis. "Duba yadda ƙofa ke karanta ranar haihuwa," ta ce. "Rana take sawa kafin wata. Ka gyara wa asibiti, ka bar na kantoci yadda yake tukuna."

"Kai! Kai! Ga shi kuwa!" ta ji yana faɗa bayan ɗan lokaci. "Ta yaya kika gano?"

"Katunan tsofaffi," ta ce. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta ƙara komai a kai ba.

Ƙarfe biyu da rabi sakamako ya fara zubowa. Mai rajista ta shiga kiran suna ba numfashi, benci ya fara raguwa, matar mai yaro ta karɓi katinta tana sa mata albarka. Har injiniya ya fito ya kashe naɗin wayarsa ya ce, "Sannu da aiki, Malama." Duk albarkar da aka sa mata ji take kamar ana ɗora mata dutse a ka.

Da ta shiga ofis ƙarfe uku da kwata tafi aka yi mata. Wani ya miƙo mata shayi, wani ya ce a ƙara mata jan biro dozin guda. Baƙo kaɗai bai taso ba. Yana kusurwarsa, allonsa a kashe, yana naɗe wayar cajarsa a hannu a hankali. Gefen teburinsa ga wata farar ambulan.

Ta wuce kai tsaye ofishin Manaja.

"Jan Biro! Jan Biro!" ya ce yana washe baki. "Kin fitar da mu kunya. Zauna mana."

"Ranka ya daɗe, maganar sunan nan..."

"An gama. Tun ƙarfe ɗaya na tura, ina ganin saƙonki. Me zan jira? Shi ya rubuta kundi, kundi bai dace da ƙofa ba, ga shi kuma da aboki a can ya ɓoye mana. Na kira shi na tambaye shi, wai bai ga abin faɗa a ciki ba. Ji fa! Ni dama tun zuwansa jikina bai ba ni ba."

"Ba shi ba ne."

"Kamar ya?"

"Ni ce."

Manaja ya yi mata wani kallo, ya karkata kai. "Malama, tausayi ne ya kama ki? Ko magana ya yi miki? Me ya ce zai yi?"

Ta buɗe kwamfutar ta ajiye a gabansa, ta nuna masa layi takwas ɗin, da bayanin da ke sama, da sunanta, da kwanan watan. Ta yi masa bayani dalla-dalla, ba ta tsallake komai ba. Ya karanta. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya tashi ya saki labulen gilashi, abin da ba ya yi sai magana ta yi nauyi.

"Wa ya ga wannan ban da ke?"

"Babu."

"Injiniyan can?"

"Bai gani ba."

Ya zauna ya rage murya. "To ki saurare ni. Asalin kuskuren na Dogo ne, Dogo kuma ya yi nisa, asibiti ba za su karɓi sunan wanda ba ya nan ba. Wasiƙa ta riga ta tafi. In na sake rubuta musu na ce ba wancan ba ne, shugabar gwajinmu ce, wadda ta sa hannu, wadda ta shekara uku tana rufe rami da tabarma, kina ganin za su bar mana aikin? Ke za su fara cirewa, mu mu bi bayanki. Shi watansa uku, yaro ne, zai samu wani wuri, ni da kaina zan rubuta masa takardar shaida mai kyau. Ke shekararki shida." Ya tura mata kwamfutar. "An gyara ƙofa, layukan nan ba su da sauran amfani. Share su. Aikinki ne ma ki share su."

Abin takaicin shi ne gaskiya ya faɗa, aikinta ne. Ko ba wannan magana, yau ɗin nan ya kamata a cire su, tunda ƙofa ta daina karkata. Dannawa biyu ne, ba wanda zai taɓa tambaya.

"Na ji, ranka ya daɗe," ta ce.

Ta fito ta zauna a teburinta. Shayin da aka ba ta ya huce. Ta zaɓi layukan takwas har suka yi shuɗi, ta ɗora yatsa a kan maɓallin sharewa. Tana son aikin nan, Allah ya sani tana sonsa, kuma ta tsani ranar da za a riƙa ƙus-ƙus in ta wuce. Daga kusurwa ta ji ƙarar zif. Baƙo ya rataya jaka, ya ɗauki ambulan, yana bin tebur-tebur yana sallama da mutane a hankali, su kuma suna amsawa ba tare da sun kalle shi ba. Da ya zo nata ya tsaya.

"Anti, na gode da zama. In na yi miki wani abu a yafe ni. Har yanzu ban gane inda na kuskure ba, na bi kundin nan sau biyar."

Ta ɗauke yatsanta daga maɓallin.

"Ajiye jakar," ta ce. "Jawo kujera. Zo ka ga wani abu."

Ta faɗa da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya, har masu rubuta manhaja suka ɗago. Labulen ofishin Manaja ya motsa. Ta juya masa allon gaba ɗaya.

Ya zauna a bakin kujera, jakar na kan cinyarsa, ya karanta. Mai sana'a ne, layi na uku ya isa ya gane, amma ya bi su har ƙarshe, ya koma sama ya karanta bayanin, ya tsaya a kan kwanan watan. Ta jira ya yi fushi, ko ya yi ajiyar zuciya, ko ya ce Allah ya isa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya juyo ya dube ta.

"Tun yaushe kika sani?"

"Ɗazu. A asibiti, wajen sha biyu da rabi."

"Ɗazu," ya maimaita.

"Wallahi ɗazu. Na manta da su ne, shekara uku ban buɗe shafin ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da ake yi wa wanda ba a son a ƙaryata a gaban mutane. Ta ga ƙarara bai yarda ba, ta kuma rasa abin da za ta nuna masa ya yarda. Ya zaro wayarsa daga aljihu.

"Ki ɗan matsa, Anti," ya ce. "Bari in ɗauki hoton shafin nan tukuna."

Ta ja kujerarta gefe, ta ba shi wuri.